Darasi: Furotin Masu Raba wa Gaɓoɓi Mazauni a Jikin Ɗan Tayi

Duk mahaucin da ya daɗe yana fiɗa ya san wuyan rago gaɓa-gaɓa ne, ya kuma san inda zai ɗora wuƙa ta ratsa tsakanin ƙashi da ƙashi ba sai ya ɗauko gatari ba. In aka ƙirga ƙasusuwan nan, bakwai za a samu. Na sa bakwai, na akuya bakwai, na raƙumi duk tsawonsa bakwai. Raƙumin dawa, wanda wuyansa kaɗai ya kai tsayin ƙaton namiji, shi ma bakwai ɗin ne, sai dai kowane ƙashi dogo ne. Ɗan Adam bakwai, ɓera bakwai. Amma in aka tsotse wuyan kaza aka jera ƙasusuwan a faranti, 14 za a gani.

Dukkan dabbobin nan daga ƙwaya ɗaya tak suka faro, wadda ba ta da kai, ba ta da wutsiya. To me ke ƙirga mata? Me ke sanar da ƙashi na takwas a jikin ɗan tayin rago cewa wuya ya ƙare, daga nan haƙarƙari zai fara? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba: daga ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jan ido da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro da ɓawon ayaba, wanda masana ke kira Drosophila.

Littafi ɗaya, shafuka daban-daban

Jikin mutum da na dabba an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ɗaya akwai dogon zare mai suna DNA, a nannaɗe cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromosom. Zaren nan rubutu ne mai haruffa iri huɗu kacal. Kowane yanki nasa da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da kimanin 20,000.

Ƙwayar halittar da ke cikin ido da wadda ke cikin hanta, littafi iri ɗaya suke riƙe da shi, daga bango zuwa bango. Abin da ya raba su shi ne shafin da kowacce ta buɗe. Masu buɗe shafin kuwa furotin ne, amma wani iri na daban. Yawancin mutane sun san furotin a matsayin sinadarin gina jiki da ake samu a wake, nama da ƙwai. Haka ne, sai dai a cikin jiki akwai furotin iri dubbai, kowane da aikinsa: wani tubali ne, wani ɗan aike, wani mai narkar da abinci. Waɗanda darasin nan ya shafa aikinsu umarni. Sukan je su zauna a kan wani gurbi na musamman a jikin zaren DNA, su kunna ƙwayar gadon da ke kusa ko su kashe ta. Mutum yana da irinsu kimanin 1,600, kuma guda ɗaya na iya juya ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda sarkin magina ke juya leburori ba tare da ya taɓa laka ba.

Ƙuda mai fikafikai huɗu

Tun a 1894 wani masani ɗan Ingila, William Bateson, ya tattara misalan halittun da wata gaɓa ta fito musu a mazaunin wata, kamar ƙwaron da ƙafa ta tsiro masa a ka, a gurbin siririn ƙahon da yake shinshina da shi. Gaɓar lafiyayya ce, an ƙera ta tsaf, wuri kawai ta ɓata. Bateson ba shi da hanyar gano dalili. Sai a 1915, a ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan da ke Jami'ar Columbia a Amurka, inda ake kiwon ƙudaje a kwalaben madara, Calvin Bridges ya gamu da ƙuda mai irin wannan lahani, ya kuma ga yana gadar wa 'ya'yansa.

Wanda ya kama ƙudan gida ko sauro ya duba da kyau zai ga fikafikai biyu ne gare shi, alhali fara da malam-buɗe-littafi huɗu gare su. A bayan fikafikan ƙuda akwai wasu 'yan ƙulu biyu masu kama da kan allura, waɗanda ke kaɗawa suna daidaita shi a iska. Ƙirjin ƙwaro gaɓa uku ne kamar gaɓoɓin rake: ta biyu ke ɗauke da fikafikai, ta uku ke ɗauke da 'yan ƙulun. A jikin ƙudan Bridges, wani sashe na ƙulun ne ya fara rikiɗa zuwa fiffike.

Edward Lewis na cibiyar Caltech a Kalifoniya ya kwashe fiye da shekara talatin yana bin wannan lahani da danginsa, yana haɗa wannan zuriya da waccan. Da ya tara lahani uku a jikin ƙuda ɗaya, sai ga shi da fikafikai huɗu cif. Gaɓa ta uku ta zama kwafin ta biyu. Abin da ya faru shi ne, furotin mai suna Ultrabithorax bai bayyana a inda ya kamata ba. Aikinsa shi ne ya sanar da ƙwayoyin halittar gaɓa ta uku cewa a nan ƙulu ake yi, ba fiffike ba. Da suka rasa mai faɗa musu, sai suka bi tsarin maƙwabciyarsu.

A 1978 Lewis ya wallafa abin da ya fi wannan girma. Ƙwayoyin gadon da ke raba wa gaɓoɓi suna a jere suke a kan kuromosom, kuma jerinsu ya yi daidai da jerin jikin: wadda ke farko tana kula da gaba, mai bi mata tana kula da bayanta, har zuwa ƙarshen ciki. Yau an san ƙuda yana da irinsu takwas, ana kiransu Hox. Ɗaya daga ciki, Antennapedia, mazauninta ƙirji, inda take cewa a yi ƙafa. In aka kunna ta a ka, ƙafafu biyu sukan tsiro a goshin ƙudan, da gaɓoɓinsu da faratansu. Abin da Bateson ya gani ke nan.

Wa ya yi shatin farko?

Kafin a raba wa gaɓoɓi suna, sai an yanka jikin gaɓa-gaɓa, kamar yadda ba a cewa nan masallaci nan kasuwa sai safiyo ya fitar da fuloti. Wannan ɓangaren Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus ne suka warware shi a Heidelberg ta Jamus. Sun ciyar da mazan ƙudaje sinadarin da ke lalata ƙwayoyin gado barkatai, suka fitar da dubban zuriyoyi, sannan suka zauna suna fuskantar juna a kan madubi mai mazaunin mutum biyu, suna duba matattun tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya na tsawon kusan shekara. Wata tsutsar an cire mata babban yanki daga tsakiya. Wata kuma gaɓa ɗaya tana nan, ɗaya babu, ɗaya tana nan, ɗaya babu. Wata ƙayoyin cikinta sun cakuɗe ta yi kama da bushiya, suka kuwa raɗa wa ƙwayar gadon da ta jawo haka sunan bushiya da Turanci. A rahotonsu na 1980 sun lissafa ƙwayoyin gado 15, daga baya adadin ya haura ɗari. A 1995 su biyun da Lewis suka karɓi lambar yabo ta Nobel.

Yadda abin ke gudana a cikin ƙwan ƙuda, wanda tsawonsa rabin milimita ne, ya cancanci a tsaya a kansa. Tun kafin ta saki ƙwan, uwa takan ajiye umarnin haɗa wani furotin mai suna Bicoid a ƙarshensa ɗaya. Furotin ɗin yana yaɗuwa daga nan kamar hayaƙin turaren wuta a dogon ɗaki: kusa da kasko ya yi kauri, can nesa da ƙyar ake jinsa. A cikin awa uku na farko, cibiyar ƙwan, inda zaren DNA yake, ta rabu sau 13, an samu cibiyoyi kimanin 6,000 sun yi layi a jikin ɓawo. Kowacce tana auna yawan Bicoid da ya iso gare ta. Inda ya yi kauri, nan ne kai; inda ya yi matsakaici, ƙirji. Wolfgang Driever da Nüsslein-Volhard suka nuna wannan a 1988 a Tübingen. Ƙwan da uwarsa ba ta ba shi Bicoid ba, tsutsarsa ba kai ba ƙirji, sai gindi a gaba, gindi a baya. In kuma aka tsikara umarnin a tsakiyar irin wannan ƙwan, a tsakiyar kai ke fitowa.

Bicoid yakan kunna furotin na sahu na biyu, waɗanda ke raba ƙwan manyan yankuna. Su kuma su kunna na sahu na uku, waɗanda ke fitowa layi bakwai a jikin ƙwan kamar kunyoyin gona. Daga bakwai sai a koma 14. Sannan furotin na Hox su zo su ce wannan kunyar kai ce, wannan ƙirji, wannan ciki. Kwana ɗaya bayan an saki ƙwan, tsutsa ta fito tana rarrafe.

Furotin na sahun farko ba sa daɗewa, cikin 'yan awoyi sun ɓace. Duk da haka gaɓar da aka ce mata ke ƙirji ce ba ta mantawa, domin akwai wasu rukunoni biyu, Polycomb da Trithorax, masu aikin tsaro. Na farko yakan naɗe Hox ɗin da aka kashe ya kulle shi, na biyu ya riƙe wanda aka kunna a buɗe, duk yawan rabuwar da ƙwayoyin halitta za su yi.

Daga ƙuda zuwa ɓera

Har zuwa wannan lokaci, da yawa suna ɗaukar labarin nan a matsayin sha'anin ƙwari. Shekarar 1984 ta sauya wannan. A ɗakin binciken Walter Gehring da ke Basel a Suwizalan, William McGinnis da Michael Levine da abokan aikinsu suka lura cewa ƙwayoyin gadon Hox duk suna da wani yanki mai haruffa 180 kusan iri ɗaya. Matthew Scott da Amy Weiner a Jami'ar Indiana ta Amurka suka gano haka a nasu ɓangaren. Aka kira yankin homiyoboks, daga nan aka gutsuro sunan Hox. Haruffa 180 ɗin nan su ke haɗa wani sashe na furotin mai tubala 60, wanda ke lanƙwashewa ya yi murɗe uku. Na ukun ke shiga kwarmin zaren DNA ya kama shi. Shi ne hannun da furotin ke riƙe littafin da shi.

Sai suka yi amfani da yankin a matsayin ƙugiya, suka jefa cikin DNA na wasu dabbobi. Ya kamo a kwaɗo, ya kamo a kaza, a ɓera, a mutum. Ɓera da mutum kowanne yana da Hox 39, a jeri huɗu maimakon ɗaya. A jikin mutum jerin suna kan kuromosom na 2, 7, 12 da 17. A 1989 ƙungiyar Denis Duboule da ta Robb Krumlauf suka nuna cewa ƙa'idar Lewis tana aiki a ɓera: na farkon jeri yana aiki wajen kai, na ƙarshe wajen wutsiya. A shekarar da ta biyo, aka ɗauki wani Hox na ɓera, ɗan'uwan Antennapedia, aka sa wa ƙuda, sai ƙahonin kansa suka juye zuwa ƙafa. Masana suna danganta wannan kamanni da tushe guda da ƙwari da dabbobi masu ƙashin baya suka yi tarayya a cikinsa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce.

Kada mai karatu ya ɗauka komai iri ɗaya ne. Dabbobi masu ƙashin baya ba su da Bicoid, kuma ba sa yanka jikinsu a tashi ɗaya. Bi da bi suke yi daga kai zuwa wutsiya. A cikin ƙwan kaza, duk minti 90 sai sabon ƙulli biyu ya fito, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma daga ƙullayen nan ne ƙashin baya ke samuwa. Hanyar yankan ta bambanta, masu raɗa sunan ne ɗaya.

A nan amsar tambayar mahauci take. A 1995 Ann Burke da Cliff Tabin da abokansu a Harvard suka kwatanta ɗan tayin ɓera da na kaza. Wani furotin mai suna Hoxc6 yana fara bayyana a ɓera bayan ƙashi na bakwai, a kaza kuwa sai bayan na 14. A dukkan biyun, inda ya fara nan ne wuya ya ƙare. A 2003 Deneen Wellik da Mario Capecchi na Jami'ar Utah suka cire wa ɓera Hox guda uku na lamba goma, masu kula da ƙugu. Sai ƙasusuwan ƙugun, waɗanda a al'ada ba su da haƙarƙari, suka tsiro da haƙarƙari har ƙasa. Daidai da ƙudan Lewis: an cire mai hanawa, gaɓa ta kwaikwayi ta gabanta.

Ido da yatsu

Ba Hox kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai Pax6, wanda in kwafinsa ɗaya ya lalace a mutum akan haifi yaro babu zoben baƙin idon da ke daidaita hasken da ke shiga. Ƙudan da ya samu matsala a irinsa kuwa idonsa kan ƙanƙance ko ya ɓace. A 1995 ɗakin Gehring ya kunna shi a wuraren da ba nasa ba, sai ga jajayen idanu sun fito a ƙafa, a fiffike, a ƙaho. Da aka gwada da Pax6 na ɓera, ido ya sake fitowa, kuma idon ƙuda ne mai ɗaruruwan 'yan tagogi, ba na ɓera ba. Furotin ɗin umarni kawai ya bayar cewa a yi ido a nan. Leburorin ƙuda suka gina irin wanda suka iya.

Ƙwayar gadon bushiyar nan ta Heidelberg ma an samu 'yan'uwanta a dabbobi masu ƙashin baya a 1993. Ɗaya daga ciki tana fitar da saƙo daga gefen ƙaramin yatsa a lokacin da hannun ɗan tayi bai wuce ɗan tsiro ba, saƙon kuma furotin na GLI ne ke karɓarsa su kunna ko su kashe ƙwayoyin gado. Bahaushe ya daɗe da sanin cindo, har yakan zama laƙabin mai shi, kuma yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa ga baƙar fata fiye da Turawa. Wasu nau'o'in ƙarin yatsu an gano tushensu a lahanin GLI3, wasu kuma, inda yatsu ke haɗewa tare da ƙari, a HOXD13, kamar yadda aka nuna a 1996. Wannan ilimi ya isa ya sauke wa iyaye mata nauyin zargi. Yaron da aka haifa da ƙarin yatsa, ba wani abu uwarsa ta tsallaka ba, ba kuma wani ta yi wa dariya ba. Umarni ne ya ɗan karkace a makonnin farko, kuma sau da yawa gado ne da ke bin zuriya.

Masu yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ma sun shiga wannan fage. A 2018 ƙungiyar Andrea Crisanti a Landan ta lalata sashen mata na doublesex, wani furotin mai umarni da ke yanke hukuncin jikin namiji ko na mace a sauron Anopheles gambiae. Matan da suka gaji lahanin daga iyaye biyu ba sa cizo, ba sa ƙwai, kuma cikin zuriya 7 zuwa 11 sauron da ke cikin keji ya ƙare. A keji aka yi, ba a daji ba.

Lokacin da magani ya taɓa masu umarni

A 1957 aka fara sayar da wani maganin barci mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, aka kuma riƙa ba mata masu ciki don tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da gajerun hannaye ko ƙafafu, wasu tafin hannu a manne da kafaɗa. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in saboda wata jami'ar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu sai an kawo mata ƙarin hujja.

An kwashe kusan shekara hamsin kafin a fara gane yadda maganin ke ɓarna. A 2010 masana a Japan suka gano yana manne wa wani furotin mai suna cereblon, wanda aikinsa sa wa wasu furotin alama don a kwashe su a zubar. A 2018 aka nuna cewa, in maganin ya manne masa, cereblon yakan sa wa SALL4 alama, shi kuwa SALL4 yana cikin masu umarnin ƙera hannu. Yaran da suka gaji lahanin SALL4 daga iyaye, hannayensu kan yi kama da na jariran talidomaid. SALL4 na ɓera ya ɗan bambanta da na mutum, maganin ba ya iya kama shi, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ɓera ba ya nuna irin wannan lahanin. Kamannin da ke tsakanin mutum da dabba hanya ce ta bincike, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyin taka-tsantsan.

Akwai kuma isotiretinoyin, maganin ƙurajen fuska masu tsanani, ɗan'uwan bitamin A. Jikin ɗan tayi da kansa yana amfani da sinadari irinsa, daidai gwargwado, wajen kunna Hox na yankin kai da wuya. In ya yi yawa daga waje sai lissafin ya rikice, a samu lahani a kunne, fuska, zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba a ba mai ciki shi ko kaɗan.

Mafi yawan wannan rabon mazauni ana yin sa ne tsakanin mako na uku da na takwas bayan shigar ciki. Ɓarnar talidomaid gaba ɗaya tana aukuwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36, lokacin da ɗan tayi bai kai ƙwayar wake ba, mace da yawa kuma ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka matar da al'adarta ta yi jinkiri, ko take neman haihuwa, ta faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya kafin ta sha kowane magani, na kemis ne ko na gargajiya. Maigida ma, in shi aka aika sayo maganin, ya tsaya ya yi wannan tambayar kafin ya miƙa kuɗinsa.